Ta ce na yi mata "mansplaining", 'yan rukuninmu suka kwashe da dariya

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 29, ina digiri na biyu kan lafiyar al'umma a wata jami'a a arewacin Ingila, wata biyar ke nan da zuwana. An haɗa mu aikin rukuni mu biyar a kan rigakafi. Da muka iso maganar adana allura cikin sanyi, sai na lura wata Baturiya a cikinmu ta yi shiru. Na ɗauka abin ya shige mata duhu, sai na juya na yi mata bayani dalla-dalla, tun daga firji da sanyin digiri 2 zuwa 8 har akwatin ƙanƙara. Na yi shekara biyu a aikin rigakafi a gida, na san abin da nake faɗa. Ta bar ni na kai aya, sannan ta yi murmushi ta ce ta gode da mansplaining, amma shekararta 14 tana aikin jinya, kuma firjin allurar asibitinsu a hannunta yake. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su don ban san kalmar ba. Sai da na koma ɗaki na duba ma'anarta, wato namiji ya yi wa mace bayanin raini kan abin da ta riga ta sani, raina ya ɓaci. Wallahi taimako na yi nufi. Wani abokina ya ce in jira ta buɗe baki in rama da womansplaining, ko in kai ƙara wurin malaminmu tunda wariyar jinsi ce. Yanzu na daina magana a rukunin, ga shi saura mako uku mu gabatar da aikin. Anti, wannan kalma Turanci ce ta gaske ko zagi ne kawai? Kuma yaya zan yi? Ƙaninki daga Ingila.

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da karatu, sannu da sanyin ƙasar mutane.

In na karance ka daidai, dariyar da ka taya su ta fi kalmar yi maka ciwo. Mutum ya washe baki tare da jama'a, sai ya koma ɗaki shi kaɗai ya gano ashe da shi ake. Duk wanda ya taɓa zama cikin harshen da ba na uwarsa ba ya ɗanɗani wannan, kuma ɗacinsa yana daɗewa a maƙogwaro. Tun kafin mu yi nisa, ka ajiye shawarar abokinka gaba ɗayanta. Kada ka rama, kada ka kai ƙara. Dalili yana zuwa.

Amma tunda ka tambayi tsohuwar malamar Turanci asalin kalma, ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, sai ka yi haƙuri da tsawon zancena. Ka dai lura, kai ka tambaya. Riƙe wannan a aljihu.

Kalmar guntaye biyu ce aka ɗinke. Akwai man, wato namiji, akwai explain, wato yin bayani. Aka sare kan ta biyun aka dasa ta farkon a gurbin. Turawa sun daɗe da irin wannan ɗinki. Hayaƙi da hazo, smoke da fog, su suka haifi smog, sunan da ake kiran baƙin hazon Landan da shi tun farkon ƙarni na 20. Karin kumallo da abincin rana suka haɗu suka ba da brunch, motor da hotel suka ba da motel. Abin da yake burge ni a mansplain shi ne inda wuƙar ta bi. Asalin explain daga Latin ne, ex da planus, wato a shimfiɗe abu ya kwanta sarai. Da gaɓa aka bi, da plain za a ɗauka a bar ex. To amma baki bai yi karatun Latin ba. Harafin x sauti biyu ne a cure, k da s, sai mai magana ya bar k a baya ya yi gaba da s, ya tashi da splain. Aikin mahauci mai gaggawa ke nan, bai tsaya laluben gaɓa ba ya sara a tsakiyar ƙashi, kuma naman ya sayu.

Daga nan guntun yakan yanke igiya ya kama gabansa. Watergate sunan wasu gine-gine ne a Washinton, inda aka fasa ofishin jam'iyyar adawa a 1972, badaƙalar da ta ci kujerar Shugaba Nixon a 1974. Tun daga lokacin duk abin kunyar da ya tashi sai a liƙa masa gate a wutsiya, alhali babu wata ƙofa a zancen, kuma jaridun Najeriya masu fita da Turanci ma sun sha yin haka. Hamburger daga sunan birnin Hamburg na Jamus yake, amma masu Turanci suka hango ham a gaba suka ɗauka nama ake nufi, suka yanke, burger ya zama kalma mai cin gashin kanta. Haka splain ya yi. Yau a Turanci, musamman na intanet, yana nufin bayani mai haɗe da raini, sai a ɗora masa duk kan da aka ga dama.

Mu ba mu cika yanka kalmomi mu ɗinke ba. Salonmu shi ne mu ɗauki magana sukutum mu mai da ita suna. Kwanon tangaran ya zama faɗi-ka-mutu, hula mai baki a goshi ta zama hana-salla, fitila ta zama a-ci-balbal, shinkafar da aka zuba wa komai a tukunya ɗaya ta zama dafa-duka. Hikimar dai guda ce, a kama halin abu cikin numfashi ɗaya, da 'yar zolaya a ciki. Da a ce Bahaushiya ce abokiyar karatun taka, ba ta buƙatar aro. Tana da iyayi, tana da shisshigi, tana da kinibibi, ko ta ce maka sannu malam na-fi-kowa-sani. Sai dai duk waɗannan namu hali suke suka, ba ruwansu da ko namiji ne mai halin ko mace. Ta Turancin kuwa ta rubuta jinsin wanda ake tuhuma a goshinta. A nan ƙarfinta yake, kuma ta nan take cizon wanda bai ji ba bai gani ba.

Kalmar yarinya ce, ka girme ta nesa. A watan Afrilun 2008 wata marubuciya Ba'amurkiya, Rebecca Solnit, ta fitar da wata maƙala mai suna Men Explain Things to Me, inda ta ba da labarin wata liyafa da ta halarta a kusa da garin Aspen. Mai gidan, wani dattijo mai hali, ya tambaye ta a kan me take rubutu. Ta fara gaya masa sabon littafinta a kan Eadweard Muybridge, mai ɗaukar hoton nan da ya kama sukuwar doki daki-daki a ƙarni na 19. Kafin ta rufe baki ya katse ta, ya tambaye ta ko ta ji labarin wani muhimmin littafi da ya fito a kan mutumin a shekarar, ya shiga rattaba mata abin da ke ciki. Ƙawarta da ke gefe sai da ta maimaita masa sau uku ko huɗu cewa ai littafinta ne, kafin maganar ta shiga kunnensa. Ashe ma bai karanta ba, sharhinsa kawai ya gani a jarida. Ita Solnit ba ita ta ƙirƙiri kalmar ba, babu ita a maƙalar. Masu hira a intanet ne suka ƙera ta a cikin shekarar, ta bazu kamar wutar daji don mata da yawa sun ji an faɗi abin da ya daɗe yana cin su ba su da sunansa. A 2010 jaridar New York Times ta sa ta cikin kalmomin shekara. A 2014 ƙamus ɗin Oxford na intanet ya shigar da ita, na Macquarie a Ostareliya ya zaɓe ta gwarzuwar kalmar shekarar, Merriam-Webster na Amurka ya bi sahu a 2018. Har maƙwabta sun ɗinka tasu. Jamusawa sun yi sa'a, Herr da erklären suka shige juna kamar an auna, suka ba da herrklären, Faransawa kuma suna cewa mecsplication.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce e, Turanci ce, tana cikin ƙamus. Shi ƙamus ba izini yake ba kalma ba, rajista yake mata, kamar yadda jariri yake riga takardar haihuwarsa zuwa duniya. Kuma ba ashar ba ce. Amma kalmar tsokana ce, ba a faɗa wa mutum ita don a yabe shi.

Yanzu mu zo kanka, ka kuma ba ni dama in faɗa maka abin da abokinka bai faɗa ba.

Ba duk bayanin da namiji ya yi wa mace ne kalmar take nufi ba. Malaminku yana yi wa mata bayani kullum, likita yana yi, wanda aka tambaya hanya yana yi, babu mai ce musu kanzil. Abin da ake tuhuma shi ne bayanin da ba a nema ba, wanda mai yin sa ya riga ya yanke a ransa cewa wadda ke gabansa ba ta sani ba, bai kuma ɓata daƙiƙa biyar ya bincika ba. Koma ka karanta wasiƙarka. Kai da hannunka ka rubuta "na ɗauka abin ya shige mata duhu". Duk shari'ar tana cikin wannan "na ɗauka". Ta yi shiru, kai kuma ka fassara shirun da rashin sani. Shiru ai kala-kala ne. Direban da ya shekara goma yana bin hanyar Kano zuwa Zariya shiru yake yi in fasinja ya fara kwatanta masa Kwanar Dangora, kuma ba don ya ɓata ba ne.

Ga tambayar da ba ni za ka ba amsarta ba. Ku biyar ne. Ita kaɗai ce ta yi shiru a lokacin? Da ƙato ne mai furfura a gemu ya yi irin shirun, za ka juya ka faro masa daga firji? Mai yiwuwa e, akwai mutanen da kowa suke yi wa haka, su nasu ciwon son koyarwa ne tsantsa. Mai yiwuwa kuma a'a. Ka zauna da tambayar kai kaɗai cikin dare, inda babu wanda za ka kare kanka a gabansa.

Na yarda taimako ka nufa, ban yi shakka ba ko kaɗan. Amma wanda ya taka maka yatsa a layin banki shi ma bai yi niyya ba, yatsan kuma bai fasa zafi ba. Sannan ka sani kai sau ɗaya ka yi, ita kuwa wataƙila karo na ɗari ke nan da aka yi mata, daga ɗaliban likita 'yan bana-bakwai zuwa dangin majinyata da suka karanto wani abu a waya. Ba ƙorafin banza matan suke yi ba. A 2017 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Northwestern, Tonja Jacobi da Dylan Schweers, sun bi diddigin zaman Kotun Ƙolin Amurka, suka tarar alƙalai maza suna katse takwarorinsu mata kusan ninki uku na yadda suke katse junansu. Matan da suka kai ƙololuwar shari'a ke nan a ƙasarsu. A 2016 Jessica Meir, 'yar sama-jannatin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai digirin digirgir, ta sa bidiyonta a Twitter tana cikin ɗakin gwaji da aka zuƙe wa iska har ruwa yana tafasa ba wuta, sai ga wani bawan Allah ya zo yana gyara mata zance, yana koya mata dalilin tafasar. A shekarar ce kuma Unionen, wata babbar ƙungiyar ma'aikata a Suwidin, ta buɗe layin waya na mako guda don a kira a yi magana kan wannan hali a wuraren aiki. Ka ga tulun da ya cika, ɗigo ɗaya ke sa shi ambaliya, kai kuma ka zamo ɗigon.

Kuma kai ma ka san ɗanɗanon abin, ko da ba ka san sunansa ba. Na ce maka splain yana karɓar kowane kai. Akwai whitesplain, in farar fata ya zauna yana koya wa baƙar fata mece ce wariyar launi. Akwai na masu kuɗi da ke koya wa talaka tattali, akwai na masu lafiya da ke koya wa mai lalura yadda zai zauna da lalurarsa. Zan yi mamaki in a wata biyar ɗin nan babu wanda ya tare ka da bayanin Afirka, ko ya gaya maka yadda zazzaɓin cizon sauro yake kama mutum, kai da ka kwanta da shi sau ba adadi, ko ya fassara maka azumi daga abin da ya gani a talabijin. Tuna yadda ka yi murmushin dole kana gyaɗa kai, cikinka yana tafasa. Shi ma mai bayanin in ka tsare shi zai rantse maka taimako ya nufa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma baƙo ne kan fi zaƙewa wajen nuna masa.

Bari in tona wa kaina asiri, don kada ka ɗauka daga kan mumbari nake maka magana. Shekarun baya na je wata ta'aziyya, muna zaune a tsakar gida kan tabarmi bayan la'asar, hira ta gangaro kan rabon gado. Ni kuwa ban daɗe da karanta wani ɗan littafi a kan batun ba, ilimin yana ta motsi a bakina. Kusa da ni akwai wata baiwar Allah da hijabi ya koɗe, silifas ɗinta na roba a gefe, tana jan carbi ba ta ce uffan ba. Ita na zaɓa. Na juya na shiga koya mata cewa matar mamaci tumuni take samu in ya bar ɗa, rubu'i in bai bari ba, har ina lissafa mata da yatsu yadda ake yi wa 'yan aji ɗaya. Tana ta cewa haka ne Hajiya, haka ne. Da na gama sai ta ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, to Hajiya in matan huɗu ne fa, kuma ɗan ya riga shi rasuwa sai jika ta wajen ɗan? Na fara in-ina. Ta warware mini shi cikin jimla biyu, cewa tumunin nan guda shi za su raba su huɗu, kuma jikan yana mai da su tumuni kamar yadda ubansa zai yi. Sai a hanyar fita wata ta raɗa mini cewa matar ta fi shekara 20 tana karantar da ilimin gado a Islamiyya. Har yau in na tuna sai na ji kunnena ya yi zafi. Babu namiji ko ɗaya a tsakar gidan nan. Hijabinta na duba, da silifas ɗinta, da rashin Turanci a bakinta, na yanke mata hukunci. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane, kuma ni a ranar ban ji alamar ina raina kowa ba, jin kaina nake ina aikin lada.

Wannan ne ya sa kalmar ba ta gama kwanta mini ba, kuma a nan ina bayanka. Cutar ta fi jinsi faɗi. Ɗan boko yana yi wa manomi, ɗan birni yana yi wa na ƙauye, uwar miji tana yi wa amaryar da ta fi ta iya tuwo. Kalmar da ta sa namiji a gaba tana sa mai sauraro ya ji kamar halittarsa ake zargi, sai ya tashi kare maza maimakon ya duba abin da ya yi. Ita kanta Solnit ta rubuta daga baya cewa tana da shakku a kan kalmar kuma ba ta cika amfani da ita ba, don tana iya nuna kamar aibin a jinin maza yake. Akwai kuma masu mai da ita sanda, duk namijin da ya saɓa musu a muhawara, ko da gaskiyarsa, sai su maka masa ita don a rufe zancen. Wannan zalunci ne, kuma in an yi maka irinsa kana da damar cewa cikin natsuwa, ba bayani nake miki ba, saɓa miki nake, ga hujjata. Sai dai naka bai shiga wannan layin ba. Ba muhawara kuke ba. Ka koya wa mai firji firji.

Ita ma ba zan wanke ta tas ba. Tana iya tsai da kai tun a jimlar farko ta ce ai aikina ne. Ta bari ka yi nisa sannan ta ja maka tabarma a gaban mutane, kana baƙo, da kalmar da ba lallai ka sani ba. Da ni ce da ban yi haka ba. Amma ka fahimci mutanen da kake zaune cikinsu. Turawan Ingila suna da son gatse, godiyarsu ma wani lokaci bulala ce a naɗe cikin auduga, kuma sau da yawa in an yi dariya, a wurinsu magana ta wuce ke nan. Ina kyautata zaton kai kana juyi a katifa, ita ta yi barcinta har da minshari.

Shawarar ramuwa kuwa an riga an gwada ta a gaban kyamara. A watan Fabrairun 2016, a wani zaman kwamitin majalisar dattawan Ostareliya, Sanata Katy Gallagher ta ce wa minista Mitch Fifield yana yi mata mansplaining. Shi ma kamar kai sai da ya tambayi ma'anar. Da ta gaya masa ya fusata, ya ce ta yi tunanin abin da zai biyo baya da shi ne ya ce mata tana womansplaining. Aka yi ta cacar baki, bidiyon ya zaga duniya, kuma yau da wuya ka samu wanda zai tuna maka batun da kwamitin ya zauna a kai. Su 'yan siyasa ne, hayaniya abincinsu ce. Kai maki kake nema, kuma da matar nan za ka tsaya gaban malamai nan da mako uku.

Ƙara kuma, me za ka rubuta? Cewa ka yi wa ma'aikaciyar jinya mai shekara 14 bayanin firjinta, ta yi maka gatse sau ɗaya? Kai da kanka za ka sake karanta wa malamin labarin da kake so a manta. Ka adana wannan makami don ranarsa. In abin ya zama kullum, ko aka koma kwaikwayon yadda kake furta Turanci, ko aka taɓo launinka ko addininka, ko aka riƙa yanke shawarar aiki a bayan idonka, to wannan wani babi ne. Ka riƙa rubuta rana da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin, ka je wa malamin da aka ɗora wa kula da kai, kuma ka rubuto mini.

Shirun da ka koma yi shi ya fi damuna. Kai kana ganin kame kai ne, su kuwa abin da suke gani shi ne an taɓa shi sau ɗaya ya kumbura. Kana kuma tauye kanka a aikin da za a ba ka maki a kansa, a kan batun da wataƙila ka fi kowa a rukunin sanin wahalarsa.

Ga abin da nake so ka yi. Kafin zamanku na gaba ka same ta ita kaɗai, a bakin aji ko wurin shan shayi, minti biyu sun isa. Ka ce mata ran nan na yi miki bayanin abin da kika fi ni daɗewa a ciki, da na fara tambaya, ki yi haƙuri. Ka tsaya a nan. Kada ka ɗora "amma". Na san harshenka zai yi ta ƙaiƙayi ya kawo niyyarka da shekarunka biyu da yadda ake yi a gida, ka danne shi, don babu abin dariya kamar mutumin da ya tsare mace minti goma yana yi mata bayanin dalilin da ya sa bayaninsa na farko ba mansplaining ba ne. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In ta karɓa da fara'a, wanda shi na fi zato, kuma hira ta yi daɗi, babu laifi ka ce mata ranar ba ka ma san kalmar ba, sai da ka koma ɗaki ka duba, kuma ka ji nauyin dariyar. Ka faɗe shi sau ɗaya, da murmushi. Mai hankali za ta gane nata kason.

Daga nan ka yi mata tambaya ta gaske, wadda kake son jin amsarta. Me suke yi in firji ya lalace cikin dare? Wa ke duba ma'auni, sau nawa a rana, a ina ake rubutawa? Ka saurara har ta kai aya.

Nan gaba kuma, da kowa, ka saba da 'yar tambayar nan kafin ka buɗe buhun iliminka: kin taɓa aiki a wannan fannin? Ka san wannan ko in faɗa? Mu an raine mu a hannun malaman da ke faro komai daga alif, har muka ɗauki cikakken bayani a matsayin karamci, kamar cika wa baƙo kwano. Karamci ne in yana jin yunwa. In ka fara bayani, ka yi jimla biyu ka ɗaga kai ka dubi fuska. Fuskar wanda ya sani daban take da ta wanda yake nema, mu ne ba ma dubawa don daɗin muryarmu ya ɗauke mu.

Sannan ka kai wa rukunin shawarar ku raba sashen adana allurar tsakaninku ku biyu. Ita ta san firjin da wuta ba ta yanke masa. Kai ka san inda wutar baƙuwa ce, inda ake dogaro da firji mai aiki da hasken rana, inda ake ɗaure akwatin sanyi a bayan babur a shiga ƙauye cikin zafin Afrilu. Ka san 'yar alamar nan ta jikin kwalba, murabba'i a cikin da'ira, da aka fara sa wa maganin shan-inna na ɗigawa a baki a 1996, wadda in murabba'in ya yi duhu ya kamo da'irar sai a jefar da kwalbar. Ka san kuma ƙanƙarar da ta yi yawa ita ma ɓarna take, tunda akwai alluran da daskarewa ke kashe su... Ka gan ni ko? Ga ni nan na fara koya maka aikinka, kuma wannan ba ka tambaye ni ba. Na yi shiru.

In kana da hoton irin kwalbar a wayarka, ka tafi da shi zaman. Bayan kun gabatar ka rubuto mini yadda aka ƙare, ina kuma son jin abin da ta ce suna yi in firjin ya mutu da tsakar dare. Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da kai lafiya.